"Jininsa ya bushe"

Mu biyu ne masu sikila a ɗakinmu, ni da Yaya. Umma ta haifi shida, huɗu Allah ya tsallakar da su, mu biyu muka zo da SS. Lokacin da aka ɗaura auren iyayenmu, a ƙarshen shekarun 1980, babu mai zancen gwajin jini kafin aure a unguwarmu cikin birnin Kano. Sai da Yaya ya fara kumburin hannu da ƙafa yana ɗan wata takwas, aka gama jiƙe-jiƙen sanyi da na shawara, sannan wani likita ya faɗa musu sunan ciwon. Abu biyu ya ɗora wa Umma a ranar, ta kuma riƙe su kamar karatun sallah: a kiyaye yaron daga sauro, a riƙa ba shi ruwa.

Ruwa kuwa mun sha shi. Randa biyu ce a tsakar gidanmu, ɗaya ta kowa da kowa, ɗaya tamu ni da Yaya, mai faifai a baki da moɗarta daban. Kafin koko da safe sai kofin silba cike. In za mu makaranta ta rataya wa kowa gora, in mun dawo kafin ta amsa sallama ta karɓi gorar ta girgiza kusa da kunnenta. In ta ji motsin ruwa a ciki, ranar akwai magana. Da daddare ma haka, duk da cewa mu biyun muna fitsarin kwance har muka yi wayo sosai. Maƙwabta sun sha ba ta shawara ta hana mu ruwa bayan magariba, ba ta taɓa yarda ba. Sai dai ta tashi tun kafin kiran assalatu ta wanke zanen gado ta shanya a bayan ɗaki, don kada yaran gidan su gani su yi mana waƙa.

A watan Afrilun 2006 ƙanwar Umma ta haihu a ƙauye, Umma ta tafi za ta kwana biyu. Duk wanda ya san Kano ya san zafin Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40, bango ya riƙa huci har tsakar dare. Yaya yana da shekara 16, yana son ƙwallo kamar ransa. Ya buga da yamma, washegari ya tashi da zazzaɓi da ciwon ƙirji, kafin Umma ta dawo numfashinsa ya fara sama-sama. A asibiti ina tsaye a ƙarshen gadon, ina ƴar shekara 12, wata ma'aikaciyar jinya tana ta neman jijiya a hannunsa ta kasa samu. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Hajiya, ai jininsa ya bushe. Ba kwa ba shi ruwa ne?"

Kwana uku ya yi, Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Na san matar nan ba da mugunta ta faɗa ba, gajiya ce da yawan marasa lafiya. Amma maganar ta fita, kuma akwai kunnuwa a wurin. A zaman makoki Goggo ta maimaita ta a gaban mata, ta ƙara da cewa mai ɗa irin wannan ba ta kwana a waje. Umma ba ta ce uffan ba. Daga ranar ba ta ƙara kwana a wani gari ba, ko biki ko rasuwa, sai dai ta je ta dawo a yini. Ta kan yi tawakkali da baki, ta ce kwana ne ya ƙare, amma sau da yawa na kama ta tsaye gaban randarmu da moɗa a hannu, ba ta ɗiba ba ta ajiye ba. Ni ma, in faɗi gaskiya, na girma da wannan lissafin a raina: da tana nan, da ya sha ruwa, da jinin bai bushe ba.

Shekara takwas bayan haka ina aji biyu a jami'a, ina karatun kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, aka kai mu ɗakin gwaji don mu ga yadda jan ƙwayar jini ke fashewa a ruwan da gishirinsa ya yi kaɗan. Gwaji ne mai sauƙi. Ana jera ƙananan kwalabe, ta farko da ruwan gishiri kashi 0.9 cikin 100, daidai da na jinin mutum, sauran kuma gishirin na raguwa har a kai ga ruwa zalla. A ɗiga jini a kowace, a jira, a juya su a inji. Inda ƙwayoyin suka tsira, za su kwanta a gindin kwalba, ruwan sama ya fito garau. Inda suka sha ruwa suka fashe, ruwan duka ya rine kamar zoɓo. Jinin mai lafiya yakan fara fashewa wajen kashi 0.45 zuwa 0.5, ya gama kafin a kai 0.3.

Kowane rukuni aka ce mutum ɗaya ya ba da yatsa. Na miƙa nawa ban gaya wa kowa komai ba. Da aka fito da kwalaben, na sauran rukunoni sun rine a inda littafi ya ce. Namu kuwa, kwalbar 0.45 garau, ta 0.4 da ɗan ja kaɗan, har a ta 0.3 akwai ɗan jan tabo kwance a gindi, wato wasu ƙwayoyin sun ƙi fashewa. Ƴan rukuninmu suka fara zargin wanda ya auna gishirin. Malam ya zo ya ɗaga kwalaben ga hasken taga, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a hankali, "Jinin wa ke nan?" Na ce nawa ne. Ya dubi idona, wanda kullum ba ya rabuwa da ɗan rawaya, ya ce awonmu daidai ne. Ya bayyana wa aji cewa ƙwayar da ta riga ta bushe ta shafe, fatarta ta yi mata yawa, tana da wurin da za ta zuba ruwa mai yawa kafin ta cika ta fashe.

Ta bushe. Gabana ya faɗi, na ji kamar ina tsaye a ƙarshen gadon nan. Da aka tashi na bi shi har bakin ofis na ce, "Malam, rashin shan ruwa ne ke busar da ita?" Ya ce, "Ke kin sha ruwa yau?" Na ce gora biyu. Ya ce, "To kin gani." Ya yagi takarda ya rubuta mini suna ɗaya, Gardos, ya ce in je in karanta in dawo mu yi magana.

Abin da na tarar a wannan karatun shi nake so in faɗa wa duk uwar da aka taɓa jefa wa irin maganar da aka jefa wa Umma.

Jan ƙwayar jini ƴar ƙaramar jaka ce, faɗinta maikuromita 7 zuwa 8, wato sai an jera fiye da 100 kafin su cika milimita ɗaya. Kusan kashi biyu cikin uku nata ruwa ne, sauran kusan duka himogulobin ne, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin. Fatar da ta kewaye ta ni da ganuwar Kano nake kwatanta ta: ba a shiga ba a fita sai ta ƙofa, kowace ƙofa kuma da irin wanda take bari ya wuce. Ƙofar ruwa a buɗe take ba dare ba rana. Sunanta akwaforin, Peter Agre da abokan aikinsa a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka tabbatar da aikinta a 1992, kuma a jikin jan ƙwayar jini suka fara samo ta. Wannan ya ba shi kyautar Nobel a 2003. Tunda ƙofar ruwa ba ta da mai gadi, ƙwayar ba ta da ikon cewa ruwa ya tsaya ko ya tafi. Ruwa bin gishiri yake yi. Inda gishiri ya fi yawa nan yake tafiya. Saboda haka duk dabarar ƙwayar wajen riƙe girmanta ta tsaya ne a kan riƙe gishirin cikinta.

Gishirin cikin kuwa ba irin na miya ba ne. Na miya sodiyam ne, shi ya fi yawa a ruwan jini a waje. A cikin ƙwaya potasiyam ne ya fi yawa, ya ninka na waje sau ashirin da wani abu. Mai tsare wannan bambanci wani fanfo ne da ke jikin fatar, kowane bugu ya fitar da sodiyam uku ya shigo da potasiyam biyu. Jens Skou na ƙasar Denmak ya gano shi a 1957. A jan ƙwayar jini fanfunan nan ba su wuce ƴan ɗaruruwa ba, aikinsu a hankali yake, amma ya wadatar, domin fatar lafiyayyar ƙwaya ba ta cika yoyon sodiyam da potasiyam ba. Kulorayid kuwa, abokin tafiyarsu, yana da tasa babbar hanyar, wani furotin da ake kira Band 3, wanda ƙwaya ɗaya ke ɗauke da kusan miliyan guda nasa. Da haka ƙwayar ke yin kwana 120 tana zagaya jiki, tana lanƙwashewa ta ratsa jijiyoyin da suka fi ta ƙanƙanta, girmanta bai canja sosai ba.

Sai ƙofar da Malam ya rubuta mini. A 1958 wani masani ɗan ƙasar Hangare, György Gárdos, ya nuna cewa in kalsiyam ya taru a cikin jan ƙwayar jini, potasiyam kan tsiyaye waje da gudu. Daga baya aka gane ƙofa ce ta musamman, aka sa mata sunansa. A jikin mai lafiya kusan kullum a kulle take, don akwai wani fanfo mai ƙarfi da ke kwashe kalsiyam yana zubarwa waje tun bai taru ba. A jikinmu labarin ya sha bamban. Himogulobin ɗinmu, saboda canjin harafi ɗaya a gadon halitta, in ya sauke oksijin sai ya riƙa mannewa da juna yana zama dogayen zaruruwa masu tauri. Zaruruwan su tokare fatar daga ciki, ƙwayar ta tanƙware kamar lauje. Wannan tokarewar takan buɗe wata kafa da sodiyam da potasiyam da kalsiyam duk ke bi, kuma bincike na nuna hannun wani furotin mai jin matsi da ake kira Piezo1, wanda ɗakin binciken Ardem Patapoutian ya gano a 2010. Kalsiyam na shiga, ƙofar Gardos ta buɗe. Potasiyam ya fita, kulorayid ya bi shi, ruwa ya bi su duka biyun.

Akwai hanya ta biyu, mai fitar da potasiyam da kulorayid tare hannu da hannu. Aikinta na asali mai kyau ne, ita ke rage wa sabuwar ƙwaya ƙiba bayan ta baro ɓargo, daga nan ta lafa. A wurinmu ba ta lafawa yadda ya kamata, ɗan tsami kaɗan a jini ya ishe ta ta farka. Ga shi kuma jininmu cike yake da sababbin ƙwayoyi, tunda namu kwana 10 zuwa 20 kawai suke yi su mutu, ɓargo na ta aiko wasu.

Wurin da na ajiye littafin na yi kuka shi ne inda na fahimci abin da bushewar ke jawowa. Himogulobin ɗinmu ba nan take yake daskarewa ba in ya sauke oksijin, akwai ɗan jinkiri. In jinkirin ya fi lokacin da ƙwayar ke ɗauka ta ratsa siririyar jijiya, wanda bai wuce daƙiƙa ɗaya ko makamancin haka ba, ta tsira, ta koma huhu ta sha iska, zaruruwan su narke. William Eaton da James Hofrichter da abokin aikinsu a Amurka sun nuna tun 1974 cewa tsawon jinkirin nan ya dogara matuƙa da kaurin himogulobin a cikin ƙwayar. Bisa lissafinsu, in kaurin ya ƙaru da kashi 10 cikin 100 kacal, jinkirin na iya gajarcewa fiye da ninki goma. Lafiyayyar ƙwaya na ɗauke da himogulobin giram 33 ko kusa da haka a kowace desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita), busasshiyar ƙwayar sikila kan haura 40. Wato kowace lanƙwasa na jawo asarar ruwa, kowace asarar ruwa na sa lanƙwasa ta gaba ta zo da wuri. Haka ƙwayar ke yi har ta ƙafe a siffar lauje, ko an cika ta da oksijin ba ta komawa daidai. Irin waɗannan nake gani yanzu kullum a madubin likita a wurin aiki, dogaye, masu duhu, babu farin tsakiyar nan da lafiyayyar ƙwaya ke da shi.

Kada wani ya karanta wannan ya ajiye gorarsa. Ruwan sha yana da aiki babba. In jiki ya rasa ruwa, gishirin ruwan jini kan yi kauri ya zuƙo ruwa daga cikin ƙwayoyin, jinin ya yi nauyin tafiya, ciwo ya samu hanya. Mu kuma mun fi kowa saurin rasa shi, saboda can cikin ƙoda wuri ne mai ƙarancin oksijin, mai yawan gishiri da tsami, duk abin da ke sa ƙwayarmu lanƙwashewa ya taru a nan. Tun muna yara ƙananan jijiyoyin wurin ke lalacewa, ƙodar ta kasa tattara fitsari ta mayar da ruwa jiki. Wannan na daga cikin dalilan fitsarin kwancen da ya hana ni kwana gidan ƴan uwa, kuma Umma ta yi daidai da ta ƙi hana mu ruwan dare. Sai dai ruwan moɗa iyakarsa ya cika jijiya ya kewaye ƙwayar. Ba ya mayar mata da potasiyam ɗin da ya fita ta ƙofar Gardos, ruwa kuma ba ya zama a inda gishirin da zai riƙe shi ya tafi. An taɓa gwada tsinka gishirin jinin marasa lafiya da gangan a Amurka wajen 1980 don ƙwayoyin su kumbura, amma hanyar tana da wuyar bi da haɗari ga ƙwaƙwalwa, ba ta zama magani ba.

Da na koma wurin Malam, tambayata ɗaya ce: me ya hana a kulle ƙofar? Ya ce an gwada. A shekarun 1990 an lura cewa kulotirimazol, maganin nan na ƙaiƙayin fata, yana toshe ƙofar Gardos, daga nan aka ƙera wani da ya fi shi dacewa mai suna senikapok. An ba masu sikila kusan 300 a babban gwaji, rabi maganin rabi na bogi. Busassun ƙwayoyi suka ragu, fashewar jini ta ragu, jinin ya ƙaru. Amma tashin ciwo bai ragu ba, aka dakatar da gwajin a 2007, shekara ɗaya bayan rasuwar Yaya. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, har yau kuma ina ganin an yi saurin juya wa wannan hanya baya, domin ƙarancin jini da fashewarsa su ma suna cin mu a hankali, ba zafin ciwo kaɗai ba. Amma ya koya mini cewa toshewar jijiya ba aikin busasshiyar ƙwaya kaɗai ba ne. Akwai fararen ƙwayoyin jini, akwai mannewa a bangon jijiya, akwai kumburi, akwai ƙwayoyin cuta. Ciwon ƙirjin da ya ɗauke Yaya yana cikin manyan masu kashe masu sikila ko'ina a duniya, yana kuma kama wanda ke kwance a gadon asibiti da ƙarin ruwa a hannunsa.

Na daɗe ina juya yadda zan kai wa Umma wannan magana. Ba ta yi boko ba, kuma zancen Yaya ba a ɗaga shi a ɗakinmu. Sai wani hutu da rana tana yanka gurji za ta yi kwaɗo, na ɗauki yanka biyu na sa a faranti, na barbaɗa wa ɗaya gishiri. Muka ci gaba da aiki. Can na tura mata farantin. Mai gishirin ya yi laushi, ruwa ya tsatso ya kwanta a ƙarƙashinsa.

Na ce, "Umma, wa ya matse wannan?"

Ta ce, "Gishiri mana, ya janye ruwan."

Na ce mata haka ƙwayar jininmu take, sai dai ita nata gishirin a ciki yake, shi ke riƙe mata ruwa. Na ce akwai wata ƙofa a jikinta da ciwon ke buɗewa, gishirin ya fice, ruwan ya bi shi, ko da mutum ya shanye randa. Na ba ta labarin kwalabena, na ce ranar gora biyu na sha, gorar da ita ta saya mini, amma aka samu busassun ƙwayoyi a jinina. Na ce tun Yaya yana goye a bayanta wasu ƙwayoyinsa a bushe suke, ranar da ta tafi ƙauye ma haka, da ta zauna ma haka. Na ce Turawa da kuɗinsu da injinansu sun toshe ƙofar da magani, ciwon bai fasa tashi ba.

Ta ajiye wuƙar. Ta daɗe tana kallon farantin, sannan ta ce, "To ruwan da na yi ta ba shi fa, na banza ne?"

Na ce, "A'a wallahi, Umma. Ruwanki ya tare masa ciwo sau nawa, Allah kaɗai ya sani. Ni ma da shi na kawo yau. Abin da matar nan ta faɗa ne ba haka yake ba."

Ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska. Ban taɓa jin kukan Umma da sauti ba sai ranar, ko a makokin ba ta yi ba. Na bar ta ta yi, na ƙarasa yanka gurjin.

Yanzu shekaruna sun haura 30, ina aiki a ɗakin gwajin jini, ina shan haidiroksiyuriya bisa kulawar likita. Maganin kan ƙara himogulobin irin na jarirai, wanda ba ya shiga cikin zaruruwan nan, kuma ƙwayoyin kan fito manya, da ruwa a jikinsu. A nan Kano ma, binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano tare da Jami'ar Vanderbilt ya nuna amfaninsa wajen kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki. A takardar gwajina, awon girman ƙwaya da a da yake wajen 80 da ɗoriya yanzu ya haura 100. Na nuna wa Umma lambar na ce ƙwayoyina sun yi ƙiba, ta ce in kawo takardar ta ajiye, tana cikin kwallarta har yanzu tare da katin asibitin Yaya.

Bara ƴar ƙanwarta, wadda aka haifa a wancan Afrilun, ta yi aure a ƙauye. Umma ta shirya kayanta a jaka, ta cika mini gora biyu ta ajiye a bakin gadona, ta tsaya a ƙofar ɗaki tana jujjuya carbi. Na ce ta tafi, zan sha. Ta kwana uku a can. Da ta dawo, tun daga zaure ta miƙo hannu, na ba ta gorar ta girgiza kusa da kunnenta.